Shekarar da Hajara Ta Zana Mu

'Ya'yana da jikokina, na san kun ga hoton nan a wayoyinku, na wasu mata uku shuɗaye riƙe da faifai da ƙwarya, ƙaiƙayi yana tashi a kansu. Na kuma san abin da ake gaya muku a kansa. Wasu sun ce wata 'yar boko ce ta yaudare mu ta kwashi kamanninmu ta kai birni. Wasu sun ce saboda shi aka kusa fasa auren Bulus. Maganar farko ƙarya ce. Ta biyun akwai gaskiya a cikinta, amma an juya ta. Tunda Allah Ya bar ni da idona da hankalina, kuma na sha wahalar koyon rubutu a ajin zumuntar mata da furfurata, bari in faɗa muku da kaina. Ni ce ta tsakiya a hoton. Ta dama Delu ce, Allah Ya jiƙanta, ta hagu kuma Asabe.

A wani ƙauye kusa da Salka aka haife ni. Mu Kambari ne, Hausar nan a kasuwa na tsince ta, shi ya sa har yau in raina ya ɓaci sai harshena ya gudu gida. Da mahaifinku Danjuma ya rasu, noma ya fi ƙarfina ni kaɗai, sai na kwaso ku muka dawo Kontagora muka kama ɗaki. Aikin da na samu shi ne shiƙa a rumfar Alhaji Sule, cikin kasuwar hatsi. Motoci su sauke dawa da masara da wake daga ƙauyuka, mu zazzage, mu shiƙe, mu bakace, mu tsince tsakuwa, mu mayar cikin buhu. Da yamma mu share wurin, abin da ya zube a ƙasa namu ne, mu gyara shi mu kai gida. Da wannan tsintsiyar kuka yi makaranta. Aiki ne mai cin baya da ƙirji, kuma ƙaiƙayin dawa in ya shiga wuyan mutum ko fasto ne sai ya yi susa a gaban jama'a. Amma ban taɓa yin dariya a rayuwata kamar a rumfar nan ba. Delu Bahaushiya ce, Musulma, ta girme ni, ita ma mijinta ya rasu, kuma bakinta ya fi allurar ɗinkin buhu tsini. In ta tafi salla ni ke tsare mata faifai, ranar Lahadi ita ke tsare mini wuri. Asabe 'yar Dukawa ce, ba ta da yawan magana, amma in dariya ta kama ta sai an riƙe ta.

Hajara ta fara zuwa ne da kaka, lokacin da motocin Bangi da na Salka ke sauke dawa har babu wurin sa ƙafa. 'Yar ƙanen Alhaji Sule ce, ta gama karatun zane a Zariya ta dawo gida. Siririya ce mai tabarau, mayafinta duk ɗigon fenti. Ta tsaya daga nesa, ta ɗaga waya ta saita mu. Delu ta ajiye faifai.

"Ke 'yar nan, wa ya aiko ki?"

"Inna, hoto kawai zan ɗauka."

"Mun san irinku. A ɗauke mu muna fama, a kai wa manya a ce ga matalauta, a ci abinci da fuskarmu. Sauke abin nan ko in cika miki shi da dusa."

Ta sauke, ta ba da haƙuri, ta tafi. Muka ce shi ke nan mun rabu da ita. Washegari sai ga ta ba waya a hannu, sai wata faffaɗar takarda da gawayi. Ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta gaya mana ko ita 'yar wane ce, ta roƙi mu bar ta ta zauna. Delu ta ce zama dai ba a hana shi a kasuwa. Ta hau kan buhu ta yi ta goge-goge da gawayinta har azahar, sannan ta juyo mana da takardar. Asabe ce ta fara gani, sai kawai ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Mu ne sak, babu shakka, har ɗaurin ɗankwalin Delu da ke karkata gefe. Amma fuskokin a tamuke, idanu a rufe, baki a turɓune.

"Wa ya mutu?" in ji Delu.

"Babu wanda ya mutu, Inna."

"To me ya kai mu gidan makoki?"

"Haka na ga fuskokinku."

Na ce, "'Yata, ƙaiƙayi ne. Zo ki tsaya nan inda iska ke bi, ki buɗe ido in kin isa."

Ta zo ta tsaya. Na ɗaga ƙwarya na zuba dawa. Kafin ƙwaryar ta ƙare ta yi atishawa har tabarau ya faɗi, ta kama susar wuya da hannu biyu, 'yan dako suna ta sowa. Ita ma ta yi dariya har da hawaye. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce gobe za ta sake sabo.

Haka ta yi ta zuwa har kakar ta yi nisa. 'Yan dako suka sa mata suna Malama Gawayi. Ta ce sai ta koyi bakace, muka ba ta faifai, ta watsa rabin waken Alhaji a ƙasa, muka ce Allah Ya yi mata albarka tunda abin da ya zube namu ne. Tambaya kuwa ba ta gajiya da ita. Ta tambaye ni tsagar da ke fuskata, wa ya yi mini, me take nufi. Ta tambayi Asabe duwatsun wuyanta, ta sa Delu ta buɗe mata tafin hannu ta kwafi lallenta. Ni har ƙwaryar mahaifiyata na kawo mata, wadda aka yi wa zane da wuƙa mai zafi tun ban san kaina ba, ita kaɗai ce abin da na gada. Hajara ta riƙe ta da hannu biyu kamar jariri. Wata rana kuma sai mu ga tana tara ƙaiƙayi a leda, tana tsintar yagaggen buhu, tana ɗibar jar ƙasa a bayan rumfa. Delu ta ce mini a kunne, yarinyar kirki, amma a yi mata addu'a. Na tambayi Hajara dalili, me ta gani a jikinmu da ta bar masu gwala-gwalai ta zo ta zauna cikin ƙura. Ta ce a makaranta zanen matan ƙasarmu da ta yi ta gani iri biyu ne, ko sarauniyar zamanin da, ko mai yunwa da ƙuda a ido. Ita kuwa tana son ta zana matan da duk tuwon garin nan sai ya bi ta hannunsu, ta kuma sa adon iyayensu a bayansu don a san daga inda suka fito. Babban zanen a garejin gidansu take yin sa, ba mu gan shi ba. Wata rana dai ta nuna mana shi a waya, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, ta ce ko mun yarda ta sa shi a intanet mutane su gani, da sunayenmu da aikinmu a ƙasa. Muka ce ta sa. Ku riƙe wannan, ta tambaya kuma mun yarda.

A lokacin Bulus, babban ɗana, yana aikin ofis a Bangi, yana kuma neman Rifkatu, wadda wasunku ke kira Mama yau. Ma'aikaciyar jinya ce, mahaifinta Malam Ishaya tsohon hedimasta ne kuma dattijo a cocinsu. An shirya bayan Kirsimeti manyanmu za su je gaisuwa. Wata Lahadi mun dawo daga coci, ina tuƙa tuwo, Naomi ƙanwar Bulus tana kan kekenta tana ƙarasa ɗinkin mutane, Baba Garba wan mahaifinku ya zo daga Salka yana zaune a inuwa, sai muka ji babur ya tsaya da ƙarfi. Bulus ya shigo ko hular babur bai cire ba. Ya gaida Baba Garba a tsaitsaye, ya miƙo mini waya.

"Mama, me ya sa kika yi mini haka? A ofis aka nuna mini. Kowa ya gani."

"Me na yi maka, Bulus?"

"Na gaya wa su Rifkatu kina harkar hatsi."

"To ba hatsi nake taɓawa ba?"

Naomi ta tsayar da keke. "Harkar hatsi! Yaya, ai sai su ɗauka tirela take lodawa zuwa Legas."

"Ke ba da ke nake ba."

Baba Garba ya karɓi wayar, ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya juya ta. "Ni abin da ban gane ba," in ji shi, "me ya sa Saratu ta koma shuɗiya? Ba ta da lafiya ne ba a gaya mini ba?"

Naomi ta kifa kai a kan keke tana dariya. Bulus bai yi ba. Ya zauna a bakin turmi, muryarsa ta sauka, ya ce a ce uwar mai neman 'yar hedimasta ce ke shara a kasuwa, duniya tana kallo, da wane ido zai shiga gidan. Ya ce in je in gaya wa yarinyar ta cire ni, ko ta sauya fuskar yadda ba za a gane ni ba, in kuma bar aikin tunda yanzu yana ɗaukar albashi. Ban ji haushinsa ba a ranar, kuma ba na son ku ji. Na tuna yana firamare yana dawowa da riga a yage saboda ya yi dambe da masu ce masa ɗan mai shara. Abin da aka zuba wa yaro a kunne ba ya fita don ya sa taye. Na ce masa ya ci tuwo, gobe zan je in ga Hajara.

Na ja Delu muka tafi tare. Da na gaya wa Hajara abin da ya kawo mu, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce ba ta zana ni don ta raba ni da ɗana ba. Za ta goge tsagar, ta juyar da kan gefe, ta cire sunana, ba wani aiki ba ne. Amma tunda mun zo, mu gan shi yadda yake kafin ta taɓa. Ta buɗe ƙofar gareji, ta janye wani tsohon zanen gado.

Delu ta ja da baya har ta taka ni. "La'ilaha illallahu! Ni ce wannan kamar an tsamo ni daga marina?"

Abin ya fi ƙofa tsawo, faɗinsa ya cinye bangon. Hajara ta ce shuɗin nan na zanen kakarta ne, wanda ba ta ɗaura shi sai ranar babban taro, shi ya sa ta ba mu shi a jiki. Rigunanmu da yagaggen buhu ta yi su, ta manna ta bi da fenti. Ƙasan da muke tsaye jar ƙasar bayan rumfa ce. Ƙaiƙayin da ke tashi kuwa na gaske ne, wanda ta tara a leda, ta watsa shi a kan fenti yana ɗanye, sai ga shi yana ƙyalli kamar zinariya. A cikin zanen Delu ta buɗe baki tana faɗa wa wani magana, Asabe ta karkace don dariya, kowace da adonta a bayanta. Ni kuma ina tsakiya, na ɗaga ƙwarya sama, a bayan kaina zanen ƙwaryar mahaifiyata ya buɗe ya yi girma kamar rana. Ni fuskata a ɗan madubin hannu na san ta, sai hoton katin zaɓe da na fito kamar wadda aka kama da akuyar mutane. Ban taɓa ganin kaina a tsaye daga sama har ƙasa ba. Ban san haka kafaɗuna suke ba. Da na ƙara matsowa sai na ga ba ni kaɗai ba ce a fuskar nan, mahaifiyata ce, da tsagarta, da yadda take ɗage haɓa in tana shiƙa a bayan rumbu, matar da ta mutu ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Na daɗe a tsaye. 

Na ce, "Hajara, kada ki taɓa."

"Mama Saratu, auren ɗanki fa?"

"In aka goge ni a nan don a ba shi mata, ranar biki ma sai an kulle ni a ɗaki. In ta haihu kuma a ce wa yaran kakarsu wace ce? Bar shi yadda yake."

A hanyar dawowa Delu ta ce, "'Yar Kambari, ashe kina da taurin kai haka?" Na ce a wurinta na koya.

Faɗa da baki ya yi sauƙi, abin da ya biyo baya ne bai yi ba. Na kira Bulus na gaya masa. Ya ce, "To, Mama," ya kashe. Kirsimeti ta zo bai zo ba. Na dafa shinkafa da kaza, na zuba nasa a kwano na rufe, kwanon ya yini a rufe har Naomi ta ɗauke shi daga gabana. Maganar zuwa gaisuwa ta mutu, babu wanda ya sake tayar da ita. Baba Garba ya aiko a gaya mini bai taɓa jin macen da ta zaɓi fenti ta bar ɗanta ba. A coci wasu mata suka riƙa ce mini tauraruwa, da murmushin da ba na alheri ba, ko da yake wasu sun rungume ni sun ce sun nuna wa 'yan uwansu na nesa. Ba sau ɗaya ba na kama hanyar garejin nan da niyyar in ce ta goge, in kai bakin layinsu in juyo. Ban san ko daidai na yi ba. Abin da na sani shi ne in na tuna fuskar nan sai ƙafata ta ƙi gaba.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, wata yarinya da fararen kayan asibiti ta tsaya a bakin rumfa ta ce a auna mata wake. Aka auna, ba ta tafi ba. Sai kawai ta tako cikin ƙura ta durƙusa a gabana da fararen kayan nan.

"Mama, ni ce Rifkatu."

Na ajiye faifai. Na rasa inda zan zaunar da ita, na kama kakkaɓe buhu da ɗankwalina.

"Mama, bari, zan zauna haka. Tun kafin hoton na san aikinki. Gwaggona a nan take sayen dawa, ita ta nuna mini ke. Jira nake Bulus ya faɗa mini da bakinsa."

"To Babanki fa, ya ji?"

"Ya gani. Bai ce komai a kan aikinki ba. Cewa ya yi ba zai karɓi kowa ba sai ranar da Bulus ya kawo ki da kansa. Na gaya wa Bulus, shi kuma kunya ta hana shi motsi. Ni ma na ce kada ya kira ni sai ya shirya."

Delu, da ta kasa kunne tun daga farko, ta ce, "Saratu, in ɗanki ya yi wasa ni ina da jika a Bobi." Rifkatu ta rufe fuska tana dariya. Ranar na koma gida da ƙafa mara nauyi.

Kafin Ista aka gayyaci Hajara ta kai zanenta wani baje koli a Abuja. Da ta gaya mana, Delu ta ce ba za a kai mu Abuja ba sai Kontagora ta gan mu tukuna. Hajara ta ce kasuwa akwai ƙura, Delu ta ce ai da ƙurar aka yi shi. Alhaji Sule ya ce shi dai kada a jingina masa shi ta wajen da yake salla. Ranar kasuwa aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura, 'yan dako suka sauke shi suna yi wa juna tsawa kamar ƙwai suka ɗauko, aka jingina shi da ginshiƙan rumfa yana kallon hanya. Kafin hantsi hanya ta toshe. Matan Fulani masu nono daga Bobi suka sauke ƙorai suna nuna lallen Delu. Wata tsohuwa 'yar wajenmu ta ga zanen ƙwaryar ta kira sunan ƙauyenmu ba tare da an gaya mata ba, ta nemo ni muka rungume juna. Masu shiƙa na sauran rumfuna suka yi wa Hajara caa, kowace tana cewa ita ma ai tana da fuska. Ana wannan hayaniya wata akuya ta lallaɓo ta ƙasa ta fara lasar ƙaiƙayin gefen zanen, Asabe ta bi ta da tsintsiya har layin masu albasa. Ni kuwa mutane su dubi bango su dube ni, su sake duban bango, har na rasa yadda zan yi da hannuwana.

Can sai ga wani dattijo da lema da takalmi mai sheƙi, Rifkatu tana bayansa, ashe Malam Ishaya ne. Ya tsaya gaban zanen ya gyara tabarau, ya nemi wadda ta yi.

"'Yata, hannuwan nan sun yi girma. Sun kusa fin kai. A zamaninmu da na sa miki jan biro."

"Baba, da gangan ne. Da su suke ci da gidajensu."

"Uhm. Shuɗin fa?"

Ta yi masa bayani, ya kawo wata tambayar, ta amsa, ya sake kawo wata. Suka yi ta yi, jama'a suna kallo kamar dambe, har ya ce to, ya ba ta maki amma ba duka ba. Sannan ya juyo, ya rufe lemarsa, ya cire hula.

"Maman Bulus, sannu da aiki. Na daɗe ina son mu gaisa."

Na durƙusa, ya ce a'a, in tashi, shi ne ya zo wurina. Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba. Amma na sa Naomi ta aika wa Bulus tun ana saura kwanaki cewa za a fito da zanen, kuma duk babur da ya tsaya a bakin hanya sai na ɗaga kai. Har la'asar aka naɗe shi aka mayar mota, bai zo ba.

Zanen ya tafi Abuja bai dawo ba. Wata mata ta saye shi ta haye teku da shi. Hajara ta zo rumfa, a gaban Alhaji Sule ta ba kowaccenmu rabonta, da nawa na sake rufin ɗakin da wasunku suka yi rarrafe a ciki. Daga baya ta zana masu daddawa, ta zana masu fasa dutse, ta yi suna, kuma har yau in ta zo gari sai ta kawo mini goro ko da yake haƙoran cin sa sun tafi.

Bulus sai bayan ruwan farko ya zo. Ina tsaye da mudu a hannu ina neman wanda zai riƙe mini bakin buhu, sai na ga wasu hannuwa sun kama shi, da agogo da farar riga mai dogon hannu. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da zubawa. Da buhun ya kai rabi Bulus ya yi magana.

"Mama, na zo in kai ki gidan su Rifkatu. In kin yarda."

"Na yarda. Bari mu cika wannan."

Muka cika, ya ɗinke bakin da kansa, ashe bai manta ba. Sannan ya duba ginshiƙan rumfa, ya duba bayan buhuna.

"Zanen yana ina?"

"Ya tafi, Bulus. Ba ya ƙasar ma."

Ya tsaya kamar wanda mota ta bari a tasha. Bulus bai taɓa ganin zanen nan da idonsa ba, sai a waya kamar ku, kuma na san har yau abin yana ci masa rai. Ya ce da gaske ne ya kai bango girma, yadda Rifkatu ta faɗa? Delu ta ce tambayar banza, ya ja da baya zuwa bakin hanya. Ta sa 'yan dako biyu suka tsaya, ɗaya nan ɗaya can, ta ce to ga faɗinsa. Ta jawo Asabe ta tsayar da ita a hagu, ta tura ni tsakiya ta danƙa mini ƙwarya cike da dawa, ita kuma ta gyara karkataccen ɗankwalinta ta tsaya a dama.

"Ɗaga hannu, Saratu. Ɗage haɓa. Asabe, yi dariyarki. Kai kuma buɗe ido, shuɗin sai ka sa da kanka, ba mu da fenti."

Asabe ba ta buƙaci a roƙe ta ba. Na ɗaga ƙwarya na fara zubawa a hankali, iskar damina ta kwashi ƙaiƙayi ta yi sama da shi. Masu wucewa suka tsaya, wani mai amalanke ya yi fito. Bulus yana bakin hanya da farar rigarsa da ta riga ta yi ja, yana kallonmu. Dawar ta ƙare, na fara sauke hannu, sai ya yi mini magana da yarenmu, a tsakiyar kasuwa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Mama, kada ki sauke tukuna."

Delu tana mita ta gefen baki cewa ƙugunta zai karye, kafaɗata tana zafi, ƙwarya babu ko ƙwaya a ciki. Ban sauke ba sai da ya tako da kansa ya karɓe ta.